Ramukan Noti 22 a Cesis: Aikin Yini Ɗaya da Ya Ci Mako Biyar

Asabar, 2 ga Maris

Kayan sun iso gaba ɗaya: matakalar gefe guda 2, ƙarfen jan tirela, da farantin ƙarfe da zai kare ƙasan inji daga duwatsu. Duk cikinsu babu mai buƙatar huda ko walda, domin tun daga kamfani an bar ramuka a jikin cesis ɗin a-kori-kurar, wato ƙarfen da gangar motar ke zaune a kai, kowane rami da macen noti da aka yi wa walda ta ciki. Namijin kawai za ka kawo ka ɗaure. Na kwanta ƙarƙashin motar na ƙirga: 12 na matakala, 6 na ƙarfen tirela, 4 na faranti. Jimla 22. Na ɗauka kafin rana ta faɗi na gama.

Ko ɗaya ban ɗaura ba. Motar na saye ta ne ta hannu, ta haura shekara 10 tana bin hanya, kuma ramukan nan ba a taɓa sa musu komai ba tun da aka ƙera ta. Na fara da na can baya a gefen hagu. Ban buɗe ledar notukan da suka zo da kayan ba, sai na zaro wani M12, wato noti mai kaurin milimita 12, daga gwangwanin da nake tara tsofaffi don in gwada. Ya yi zagaye ɗaya da rabi ya cije. Na sa sifana na ƙara masa zagaye guda, sai na ji wani nauyi a hannuna da ba na datti kaɗai ba, kamar ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Na warware shi. Haƙoran bakinsa sun kwanta, suna ƙyalli. A nan na tattara kayana.

Lahadi, 3 ga Maris

Yau kallo kawai na yi. Na ɗora motar a kan ƙafafun ƙarfe, ban bar ta a kan jak ba, na bi ramukan ɗaya bayan ɗaya da tocila. Abin da ke ciki iri uku ne: busasshiyar laka da ta yi tauri kamar siminti, tsatsa a ƙarƙashinta, sai baƙin abin nan mai kama da kwalta da ake fesa wa ƙasan mota don hana tsatsa. Wanda ya fesa bai toshe ramukan ba, sai ya cika tsakanin haƙoran ya bushe. A rami ɗaya na gefen dama gidan zanzaro na tarar, ya cika shi har baki.

Na baya su suka fi lalacewa, kuma dalilin a fili yake, duk abin da taya ta ɗebo can take watsa shi. Na wanke da ruwa mai ƙarfi ciki da waje, na bar su su bushe, na fesa man warware tsatsa.

Talata, 5 ga Maris

Na sake fesa mai bayan na dawo daga aiki. Na sayi buroshin waya ƙanana masu kama da na wanke kwalba, girma uku, da gwangwani 2 na maganin wanke birki.

Asabar, 9 ga Maris

Na gano abin da ya faru ranar farko. Ba datti ne kaɗai ya tsayar da notin ba, haƙoransa ne ba irin na ramin ba. M12 ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai manyan haƙora, tazararsu milimita 1.75, akwai 1.5, akwai kuma mai ƙananan haƙora 1.25. Ramukan cesis ɗina 1.25 ne, kamar yadda ake samu a motocin Japan da yawa, na cikin gwangwanina kuwa 1.75. Kaurinsu ɗaya, shi ya sa ya kama bakin ramin ya yi zagayen farko kamar zai tafi.

Ba ni da ma'aunin haƙora, amma rula ta wadatar. Ka aza ta a jikin noti ka ƙirga haƙoran da ke cikin milimita 10: idan 1.25 ne za ka samu 8 cif, idan 1.75 ne ba su kai 6 ba. Hanya mafi sauri ma ita ce ka haɗa notuka biyu gefe da gefe ka ɗaga su wajen haske. In iri ɗaya ne haƙoran za su shige juna ruf, in ba haka ba za ka ga haske na ratsawa. Irin wannan ruɗanin yana nan tsakanin M10 mai 1.5 da notin inci mai 3/8-16, shi ma yakan yi zagaye biyu ko uku kafin ya nuna halinsa.

Na auna na cikin ledar duka. Na matakala M8×1.25, na faranti M10×1.25, na ƙarfen tirela M12×1.25 masu lamba 10.9 a ka, lambar da ke nuna ƙarfin noti. Duk daidai suke da motar. Ramin da na ɓata na zagaye shi da alli, zan bar shi sai ƙarshe.

Lahadi, 10 ga Maris

Rana mai albarka. Na yi wa kaina notin share haƙora. Na sayi ƙarin noti ɗaya na kowane girma, mai lamba 10.9 don ya fi macen da ke cesis tauri. Na fara ɗaura masa mace har can wajen kai, na damƙe shi a bais, na tsaga masa layi 3 a tsaye da giranda, daga baki zuwa kamar milimita 20, zurfinsu ya ɗan wuce gindin haƙoran. Da na warware macen ta fito ta kan tsagar, sai ta gyara gefen da giranda ta tayar. Amfanin tsagar shi ne datti ya samu inda zai taru, ba ya matsu tsakanin haƙora ba.

Ga yadda kowane rami ya kasance. Na fara sa buroshin waya a diril a hankali, in shiga in fito sau uku ko huɗu. Sai iska daga kwamfireso. A nan tabarau dole ne, domin kana kwance ramin yana saman fuskarka, duk abin da ya fito kai zai faɗo wa. Sai ɗigon mai a notin sharewa, in kama shi da yatsu har sai na tabbata ya hau daidai, sannan in sa ƙaramar sifana: rabin zagaye gaba, kwata baya. Bayan zagaye 3 in fito da shi. Karon farko da na zaro shi, tsagar nan uku sun cika maƙil da wani baƙin ƙulli mai tsakuwa-tsakuwa, na murza shi a yatsa na ji yashi a ciki. Na goge, na mayar. Wasu ramukan sau biyu suka yarda, wasu sai da na shiga sau biyar.

Ƙa'idar da na sa wa kaina ita ce sabon noti ya shige har ƙarshe da yatsu biyu, ba sifana. Ramin da bai kai haka ba, ban gama da shi ba. Na matakala 12 duk sun kai. Awa 3 da rabi.

Laraba, 13 ga Maris

Mai kawai na ƙara wa na baya. Na aro sifanar awo, mai yin ƙas idan ɗauri ya kai.

Asabar, 16 ga Maris

Matakala sun hau. Kafin in ɗaura sai da na wanke man da ke cikin ramukan da maganin birki na busar da iska, domin adadin ɗaurin da ke takarda na busasshen noti ne. Mai yana rage gogayya, in ka ja notin da ke da mai zuwa adadin busasshe ka ja shi fiye da kima. Na sa dukkan 6 na kowane gefe da hannu tukuna, na daidaita matakalar, sannan na ɗaure. M8 mai lamba 8.8 wajen 25 Nm yake ɗauka (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri a sifanar awo), M10 wajen 50, M12 wajen 85, amma ni abin da takardar kayan ta ce shi na bi.

Ƙanina ya zo taya ni, ya ga ina ta fama da buroshi ya ce, "Yaya, da ka sa babbar sifana ka danne shi ai zai shige, noti ba ya ƙin ƙarfi." Maimakon gardama sai na nuna masa. Akwai wani ramin M8 a cesis da ba na buƙata, ban share shi ba. Na sa noti da washa, na ja da sifanar awo. Ta yi ƙas a 25. Na ce ya taɓa washar. Ya sa yatsa, sai ga ta tana juyawa, tsakaninta da cesis akwai sarari da farce zai shiga.

Wannan shi ne abin da ya fi damuna a aikin nan gaba ɗaya. Ko a noti mai tsabta, kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da kake sa wa sifana gogayya ce ke cinye shi, a ƙarƙashin kan notin da kuma tsakanin haƙora. Wajen kashi 10 ne kawai ke miƙa notin ya matse ƙarfen biyu. To in yashi da tsatsa suka cika haƙoran, har wannan ɗan kason ma sun cinye. Sifana ba ta san bambanci ba, nauyi ta ji ta yi ƙara. Kai ka tashi da zaton ka ɗaure, alhali ƙarfen a sake yake. A matakala abin zai tsaya a ƙara da girgiza. A ƙarfen da zai ja tirela mai kaya a kan titi, rayukan mutane ne a bayanka.

Lahadi, 17 ga Maris

Yau na ji ba daɗi. Ramuka 5 na ƙarfen tirela sun sharu, da ƙyar amma sun sharu. Saura mai alli. Notin sharewa ya ƙi hawa, saboda haƙoran bakin sun murɗe, duk ta inda na kawo shi sai ya karkace. A nan ne kawai na yarda in sa ƙarfen yanka haƙora, wanda makanikai ke ce wa taf. Tun farko na guje shi da gangan, domin shi yanka yake yi, yana cire ƙarfe, kuma macen da aka rage wa nama ba ta riƙo kamar da. Amma ga haƙoran da suka riga suka kwanta ban ga wata hanya ba.

Na sayi M12×1.25, mai tsinin baki. Ya hau lafiya, zagaye 3 na farko ya tafi kamar a man shanu. Matsalar wurin ce. Ramin yana kusa da maƙalin salansa, hannun taf ɗin mai fiffike biyu ba ya iya zagayawa. Sai na cire shi na kama taf ɗin da sifana ta gefe ɗaya. Na san ba a so, domin jan gefe ɗaya yana lanƙwasa shi, shi kuma ƙarfe ne mai tauri ƙwarai amma ba ya lanƙwasuwa, karyewa yake. A zagaye na biyar ya ci karo da dunƙulen tsatsa. Maimakon in koma baya in fito in share, sai na ƙara ɗan ƙarfi. Ƙarar ba ta fi ta karyewar tsinken ashana ba. Rabi a hannuna, rabi a cikin cesis, ya karye daidai da bakin ramin, ko abin da filaya za ta kama babu.

Na gwada diril, bakin ya yi ta zamewa yana ƙyalli, ko tabo bai yi masa ba. Taurinsu ɗaya ne ko ma taf ɗin ya fi. Na fesa mai na rufe aikin.

Alhamis, 21 ga Maris

Na kai motar wajen wani dattijon makanike da na daɗe da sani. Ya leƙa da tocila ya daɗe bai ce komai ba. Na ce, "Baba, ko mu sa wuta?" Ya nuna mini bututun birki da wayoyin fitilun baya da ke bin cikin cesis ɗin, ya nuna tankin mai, ya ce, "Ɗana, a nan ba a kunna wuta." Ya kuma tambaye ni wane maganin birki na fesa, domin mai kulorin a ciki idan ya haɗu da wutar walda yakan fitar da iska mai guba da ake kira fosjin. Nawa ba mai kulorin ba ne, amma ban taɓa duba gwangwanin da wannan niyyar ba sai yau.

Ga abin da ya yi. Ya fara hura iska cikin kwarin taf ɗin, wato tsagogin da ke jikinsa a tsaye, har ɓarɓashin ƙarfen da ya cije shi ya fita, ya ce yawanci su ne ke riƙe shi, ba ramin ba. Ya ɗiga mai. Ya ɗauko wani siririn ƙarfe mai tsini ya aza a gefen kwari ɗaya, yana bugawa da ƙaramar guduma, bugu mara nauyi, zuwa wajen warwarewa. Ya koma kwarin da ke fuskantarsa ya yi haka. Ya fi minti 20 ba abin da ya motsa. Can sai na ga ya ɗan gusa kamar kaurin gashi. Ya mayar da shi gaba kaɗan, ya sake dawo da shi, yana ta lallaɓa shi har ya fito da tsawon da filaya mai dogon baki ta kama.

Ya ƙarasa ramin da nasa taf ɗin, ya haɗa shi da soket da dogon hannu don ya sauko ƙasa da salansa inda zai juya shi da hannu biyu a miƙe. Da na san wannan dabarar ranar Lahadi da ban zo nan ba. Macen ba ta fi haƙora 8 ko 9 ba, biyu na baki sun tafi. Shawararsa ita ce tunda ƙarshen cesis ɗin a buɗe yake hannu na iya shiga, in sa noti mai ɗan tsawo in ƙara masa mace ta biyu ta ciki.

Asarar da karyewar nan ta jawo: taf ɗaya, bakin diril 2, ladan aikin Baba, da kwana 4. In aka haɗa sun fi duk abin da na kashe a buroshi da mai da maganin birki.

Asabar, 23 ga Maris

Ƙarfen tirela ya hau. Nauyi gare shi, ni da ƙanina muka ɗaga, muka tallafe shi da jak. Duk 6 sun shige da yatsu. Na canja na ramin alli da mai ƙarin milimita 15, shi ma 10.9, na duba ba ya taɓa komai ta ciki, na ɗaura mace ta biyu. Mai shagon ya so ya ba ni na silba mara tsatsa, na ƙi. Irin wanda ake rubuta wa A2-70 bai kai ko 8.8 ƙarfi ba, balle 10.9, kuma yana da halin cijewa a cikin haƙora.

Na ɗiga shuɗin maganin hana noti kwancewa a kowanne, na ja su a matakai biyu, rabin adadi sannan cikakke. Na ja layin farin fenti daga kan kowane noti zuwa jikin ƙarfen.

Lahadi, 24 ga Maris

Ruwa aka wuni ana yi. Ban taɓa motar ba.

Asabar, 30 ga Maris

Faranti. Ramuka 3 lafiya. Na huɗu, na gaba a dama, ina cikin sharewa da notin tsaga, ban ma sa wani ƙarfi ba, sai na ji ya saki gaba ɗaya yana juyawa ba ya shiga ba ya fita. Waldar macen ce ta balle. Da na leƙa da madubi na ga tsatsa ta riga ta cinye wuraren waldar, da ma a kan gaɓa take. Gara da ta balle yanzu da a ce sai faranti ya hau.

Fitar da notin ya ci awa guda. Na sa bakin sukurudireba ƙarƙashin kansa ina ɗaga shi don macen ta manne da ƙarfen ta ciki, ina warwarewa a hankali. Da ya fita macen ta faɗa cikin ƙarfen, na kamo ta da maganaɗisu ta wani babban rami da ke gefe.

Na yi tunanin irin macen da ake matsewa a rami kamar ribit. Ga abu mara nauyi tana yi, amma faranti dutse zai riƙa duka, ban amince mata ba. Abin da na zaɓa shi ne in sako namijin daga ciki: ɗan farantin ƙarfe mai rami mai kusurwa huɗu, da noti mai wuya mai kusurwa huɗu da zai zauna a ciki ya kasa juyawa. Za a naɗa siririyar waya a haƙoransa, a zura ta ta babban ramin gefe, a jawo ta ta ƙaramin, sai notin ya biyo ta ya leƙo ƙasa, a ɗaura mace ta waje. Ba huda, ba walda. Ban samu irin notin mai lamba 8.8 ba tukuna, waɗanda na gani duk marasa lamba ne. Faranti na jingine a bango. Ba zan ɗaura shi da 3 ba.

Laraba, 3 ga Afrilu

Na samu notin. Na yanke ɗan farantin daga ƙarfe mai kaurin milimita 5, na gyara ramin da zarto, na shafa masa fenti.

Asabar, 6 ga Afrilu

Wayar ta zame sau biyu, notin ya faɗa ciki, maganaɗisu ya cece ni. A karo na uku na ƙara naɗin ya kai zagaye 6, ya leƙo. Ban cire wayar ba sai da na ɗaga faranti na zura ta cikin raminsa, don kada in tura notin ya koma. Faranti ya hau, 4 cif. Wannan notin ya ɗan leƙo ƙasa fiye da sauran, na rage tsawonsa da giranda na bar haƙora 2 bayan macen.

Motar ta yi wajen kilomita 300 tun da ƙarfen tirela ya hau. Layukan fenti 6 duk suna nan a miƙe. Na matakala ban sa musu shuɗin magani ba, sai na bi su da sifanar awo, biyu a gefen direba sun ɗan ƙara tafiya kafin ta yi ƙas, sauran ba su motsa ba.

Akwai ramuka 7 da suka rage a cesis ba na amfani da su yanzu, har da wanda na yi wa ƙanina gwaji. Gobe zan share su, in shafa giris, in toshe kowanne da gajeren noti, domin ina da niyyar sa maƙalin fitila da akwatin kayan aiki nan gaba. Sai in fesa maganin tsatsa cikin ƙarfen da macen ta balle, in duba sauran ukun da madubi. Asabar mai zuwa zan ja tirela ba kaya na kilomita 20, in dawo in duba fentin, sannan in gwada da kaya.